TAƘAITACCEN TARIHIN MUJADDADI SHEHU USMANU ƊAN FODIYO DA ZANGUNAN DA YA YI DA JAMA'ARSA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya waliyyansa su zama fitilu ga bayinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk shekara idan lokacin wannan taro mai albarka ya kewayo, 'yan'uwa muridai sukan ɗaure kayansu, su bar iyalansu da sana'o'insu, su yi doguwar tafiya su sauka a fili. Wani ya sami rumfar zana, wani ya sami gindin itace, wani kuwa tabarmarsa da butarsa su ne iyakar masaukinsa. Saboda haka ya dace a tunatar da su tarihin wani babban jigo na ɗariƙar Ƙadiriyya a ƙasar Hausa, wato Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya yi mafi yawan rayuwarsa tsakanin ƙauye da hanya da zango, bai koma birnin Sakkwato da zama ba sai shekara biyu kafin wafatinsa.

NASABARSA DA HAIHUWARSA

Sunansa Usmanu ɗan Muhammadu, wanda ake yi wa laƙabi da Fodiyo, wato malami masanin fiƙihu a harshen Fulatanci. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Shi Bafillace ne daga zuriyar Toronkawa, waɗanda kakansu Musa Jakollo ya taso da su daga Futa Toro a ƙasar Sanagal ta yau, suka yi ta tafiya gabas har suka sauka a yankin Ƙonni. An haife shi a Maratta cikin ƙasar Gobir, a ƙarshen watan Safar na shekarar 1168 bayan hijira, daidai da watan Disamba na 1754. Maratta tana cikin Jamhuriyar Nijar a yanzu. Yana ƙarami iyayensa suka koma Ɗagel, wani ɗan ƙauye na malamai da makiyaya a arewacin inda Sakkwato take yau, kuma a nan ya tashi.

NEMAN ILMINSA

Ya karanta Alƙur'ani mai girma a wajen mahaifinsa. Daga nan ya shiga bin malamai kamar yadda al'adar almajiran wancan zamani take, domin ilmi a lokacin yana ƙirazan mutane ne, wanda yake son wani littafi sai ya tashi ya tafi inda mai karantar da shi yake, ya zauna har ya sauke. Ya karanta nahawu a wajen Malam Abdurrahman ɗan Hammada. Ya lazimci ɗan'uwan iyayensa Malam Usmanu Binduri kusan shekara biyu, ya ɗauki fiƙihu a wurinsa, ya kuma ɗauki halinsa na tsantseni da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Ya karanta Sahihul Buhari a wajen Alhaji Muhammadu ɗan Raji.

Babban malaminsa da ya fi yi masa tasiri shi ne Malam Jibrilu ɗan Umar. Shehu ya zauna da shi kimanin shekara guda, ya bi shi har Agadas. Da Malam Jibrilu ya yi niyyar wucewa aikin hajji, sai Shehu ya dawo gida, saboda bai nemi iznin mahaifinsa a kan wannan tafiya ba. Allah bai ƙaddara masa zuwa Makka da Madina ba har ya bar duniya, duk da tsananin begensa ga Ma'aiki (S.A.W.), wanda ya bayyana a waƙoƙinsa na Larabci da na Fulatanci.

FITARSA WA'AZI

Shehu ya fara kiran mutane zuwa ga Allah a shekarar 1188 (1774), yana ɗan shekara ashirin. Ya fara a Ɗagel, sannan ya fita zuwa ƙasar Kabi, ya dawo, sannan ya nufi Zamfara inda ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ake kira Abdullahin Gwandu, yana tare da shi a waɗannan tafiye-tafiye, kuma shi ne ya rubuta labarinsu a littafinsa Tazyinul Waraƙati.

A cikin waɗannan shekaru jama'ar Shehu ta koyi zaman hanya. Duk garin da ya sauka, mutanen ƙauyukan kewaye sukan taho su saurara, wasu su koma gida da abin da suka ji, wasu kuwa su ƙi komawa, su bi ayarin zuwa zango na gaba. Yana yi wa Bahaushe bayani da Hausa, Bafillace da Fulatanci, yana farawa da abin da ya wajaba ga kowane baligi na tauhidi da tsarki da salla da azumi, kafin ya kai ga ihsani da gyaran zuciya. Malam Abdullahi ya bayyana cewa a wannan lokaci Shehu ba ya zuwa fadar sarakuna, ba ya kuma wata hulɗa da su, sai daga baya da jama'a ta yi yawa ya ga babu makawa.

Mata ma sukan halarci majalisinsa. Wani malami mai suna Musɗafa Gwani ya soki wannan a cikin waƙa, yana ganin akwai cuɗanya tsakanin maza da mata. Shehu ya umarci Malam Abdullahi ya ba shi amsa, shi kuwa ya amsa da cewa ana keɓe wa mata wurinsu, sannan barin su cikin jahilcin addininsu ya fi abin da ake gudu muni. A kan wannan ra'ayi Shehu ya tabbata, ya kuma ƙarfafa shi a littafinsa Nurul Albabi.

TARON MAGAMI

A Babbar Sallar shekarar 1202 (1788), Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a filin Magami, Shehu yana cikinsu. Bayan an sauko daga idi sarki ya yi wa malamai kyauta, ya ware wa Shehu zinariya miskali 500. Shehu bai karɓa ba. A maimakonta ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar Gobir, kada a hana duk wanda ya so amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare a kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince da dukkansu. Daga wannan rana sunan Shehu ya ƙara ɗaukaka, talakawa suka gane cewa ga malamin da ya tsaya gaban sarki ya roƙa musu, bai roƙa wa kansa ba.

ZAMAN ƊAGEL

Bayan yawon wa'azi Shehu ya dawo Ɗagel ya zauna. Wannan ɗan ƙauye ya zama matattarar masu neman ilmi da masu neman tarbiyya daga Gobir da Kabi da Zamfara da Katsina da Kano da ƙasar Azbin. Wasu sukan zo su yi kwanaki su koma, wasu su yi watanni, wasu su kafa bukka su zama maƙwabta. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya lissafta da yawa daga cikin waɗannan maƙwabta da almajirai a littafinsa Raudul Jinani.

Ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta majalisin mahaifinsa a cikin Infaƙul Maisuri. Ya ce Shehu yakan fita wa'azi ga jama'a kowane daren Juma'a, yakan kuma karantar da tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi bayan la'asar. Idan zai fito, yakan ɗan tsaya a ƙofar gida ya sabunta niyyarsa, ya yi wa Allah alkawarin ikhlasi a cikin abin da zai faɗa, sannan ya ƙarasa wurin mutane da sakin fuska, ya yi musu sallama da murya da kowa zai ji. Ba ya nuna gajiya da su, ba ya fushi da mai tambaya ko da ya katse shi. An ruwaito kuma cewa bai tara dukiya ba, yana tufka igiya da hannunsa domin abin da zai ci.

A nan ya rubuta Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a a shekarar 1793, kuma a wannan shekara aka haifa masa 'yarsa Nana Asma'u.

MATSAYINSA A ƊARIƘA

Shehu Baƙadire ne, kuma jama'arsa ta shahara da sunan Ƙadirawa. Ya rubuta salsalarsa da ta sada shi da Sidi Abdulƙadir Jilani, Allah ya tsarkake sirrinsa, ya yi waƙoƙi na tawassuli da shi, ya kuma sami alaƙa da babban shehin Ƙadiriyya na Sahara, Sidi Mukhtar Alkunti, ta hanyar almajiransa. Ya bayyana da kansa cewa lokacin da ya kai shekara 36 Allah ya yaye masa hijabi, sannan da ya kai shekara 40 da wata biyar, wato a 1794, aka halarto da shi gaban Manzon Allah (S.A.W.) da Sidi Abdulƙadir, aka naɗa masa rawani, aka rataya masa takobin gaskiya. Duk da haka yakan hana almajiransa wuce gona da iri a kansa. Ya yi raddi ga waɗanda suka ce shi ne Mahadi, ya kuma yi raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa saboda ba su iya hujjojin ilmin tauhidi ba.

TSANANI DA HIJIRA

Yawan jama'a ya tayar da hankalin fadar Alƙalawa. Sarki Nafata ya sa aka yi shela cewa ba wanda zai yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya hau gadon sarauta, al'amari ya ƙara tsananta. A watan Ramadan na 1218, ƙarshen shekarar 1803, rundunar Gobir ta auka wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, ta kashe na kashewa, ta kama na kamawa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗagel, mutanen Shehu suka tare hanya suka kwance su.

Sai Yunfa ya aiko wa Shehu cewa ya fita daga Ɗagel shi da iyalinsa kaɗai, ya bar sauran mutane. A nan ne aka ga matsayin jama'a a zuciyarsa. Da ya karɓi wannan sharaɗi da ya tsira da kansa da 'ya'yansa, amma da an bar almajirai da raunana a hannun mayaƙa. Ya mayar da amsa cewa ba zai rabu da jama'arsa ba, sai dai ya bar wa sarki ƙasarsa, shi da duk wanda ya zaɓi bin sa.

Ranar 10 ga Zulƙida 1218, daidai da 21 ga Fabrairu 1804, aka tashi daga Ɗagel. Shehu yana gab da cika shekara hamsin. Lokacin rani ne, sanyi yana ƙarewa zafi yana shigowa, ga tsofaffi da mata da ƙananan yara, ga dabbobi, ga littattafai. Wani malamin Azbinawa mai suna Agali ya taimaka da raƙuma aka ɗauki kaya da littattafan Shehu, Aliyu Jeɗo da mutanensa kuma suka taimaka wajen tafiyar da shirya masauki. Ayarin ya bi ta Kalmalo da Ruwawuri, zango bayan zango, har ya isa Gudu a can iyakar Gobir ta yamma. Nana Asma'u tana yarinya 'yar kimanin shekara goma sha ɗaya a cikin wannan ayari, kuma da ta girma ta tsara labarin tafiyar a waƙe, wadda aka sani a Hausa da Waƙar Gewaye.

ZANGON GUDU

Gudu daji ne mai ƙarancin ruwa da abinci, ba birni ba ganuwa. A nan jama'a ta kafa bukkoki. Labari ya bazu, mutane suka yi ta kwararowa daga ko'ina har tsawon watanni, duk da cewa Yunfa ya umarci hakimansa su tare masu hijira su ƙwace dukiyarsu. Da yawa sun iso ba su da komai sai tufafin jikinsu, waɗanda suka riga su sauka suka raba abin da ke hannunsu da su.

Da ta tabbata cewa yaƙi na tafe, jama'a ta ga ba ta yiwuwa a zauna ba shugaba. Aka taru a gindin wata itaciyar faru aka yi wa Shehu mubaya'a a kan bin Alƙur'ani da Sunna. Malam Abdullahi ne ya fara, sannan Muhammadu Bello, sannan amininsa Umaru Alkammu, sannan sauran jama'a. Daga nan aka fara kiransa Amirul Muminina, wato Sarkin Musulmi. Sarautar da ta zo ta game ƙasashe masu yawa daga baya, a gindin itace aka ƙulla ta, a tsakanin mutanen da ba su da tabbacin abincin gobe.

A watan Rabi'ul Awwal na 1219, Yuni 1804, Yunfa ya taho da babbar runduna ta dawaki da 'yan lifidi. Aka haɗu a Tafkin Kwatto, Malam Abdullahi yana jagorantar jama'a, mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa. Allah ya ba su nasara, Yunfa ya gudu. Shehu kansa ba ya shiga fagen fama. Aikinsa addu'a da shawara da karantarwa da hukunci.

SHEKARUN YUNWA DA YAWO

Nasara ba ta kawo hutu ba. Damina ta sauka, abinci ya ƙare a Gudu, dole aka tashi. Jama'a ta koma Magabci a yankin Yabo, sannan ta nufi cikin Gobir. A ƙarshen 1804 aka yi karon Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, inda aka rasa mutane kimanin dubu biyu, a cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin ɗari biyu. A farkon 1805 aka koma ƙasar Zamfara aka kafa zangon da aka kira Sabon Gari, aka zauna watanni cikin yunwa da cuta. Daga nan ne aka fita aka ci Birnin Kabi. Kafin ƙarshen shekarar aka koma Gwandu, kuma ba a daɗe da sauka ba aka sha wuya ƙwarai a karon Alwasa.

Wahala takan fito da abin da ke cikin zukata. Yunwa ta sa wasu daga cikin mayaƙa suka riƙa taɓa dukiyar talakawan da aka yi amana da su, har wasu garuruwan Zamfara da suka karɓi jama'a da farko suka juya mata baya. Shugabannin jama'a ba su ɓoye wannan ba, sun rubuta shi a littattafansu, sun yi tir da shi. Abin ya dami Malam Abdullahi har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, ya tsaya a Kano ya karantar da tafsiri, ya rubuta Liya'ul Hukkami, sannan ya dawo. Shehu kuwa bai ajiye alƙalami ba a duk wannan hali. A 1806 ya kammala Bayanu Wujubil Hijira, inda ya shimfiɗa hukunce-hukuncen hijira da shugabanci da jihadi da adalci ga waɗanda ake mulka.

Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoba na 1808, aka kashe Yunfa a cikinta.

SIFAWA DA WAFATINSA

Da ƙura ta lafa, Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato a 1809. Shehu ya bar Gwandu ya koma Sifawa, ya mayar da hankalinsa ga abin da ya fara da shi, wato karantarwa da rubutu da tarbiyya. Malamai da almajirai suka sake taruwa a kewayensa kamar zamanin Ɗagel. A 1812 ya raba kula da ƙasa tsakanin Malam Abdullahi a yamma da Muhammadu Bello a gabas. A wannan lokaci ya yi ta gargaɗin sababbin masu mulki a kan zalunci da cin hanci da ƙwace gonakin talakawa, ya kuma yi ta kiran malamai su bar tsananta wa juna a kan mas'alolin da magabata suka yi saɓani a kansu.

A 1815 ya koma Sakkwato. Ya yi jinya mai tsawo, Allah ya karɓi ransa ranar 3 ga Jimada Sani 1232, daidai da 20 ga Afrilu 1817, yana da shekara 62 a lissafin miladiyya. An binne shi a gidansa, wurin da aka sani da Hubbare, inda masu ziyara suke zuwa daga nesa da kusa. Ya bar littattafai masu yawa da Larabci da waƙoƙi da Fulatanci, ya bar almajirai da suka riƙe tutoci a Katsina da Kano da Zazzau da Bauci da Adamawa da sauran wurare. 'Yarsa Nana Asma'u ta ci gaba da aikinsa a cikin mata, ta naɗa jajis waɗanda ke jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar, su ne ake kira 'yan taru.

ABIN LURA GA MAHALARTA

Muridin da ya kwana a ƙasa a wannan taro, ko ya daɗe a layin ruwa, ko abinci bai kai gare shi da wuri ba, ya tuna cewa nasa na 'yan kwanaki ne, kuma ya san ranar komawarsa gida. Mutanen Gudu sun fita ba su san ko za su koma ba. Ya tuna kuma cewa abin da ya ɓata tsakanin jama'a da mutanen Zamfara shi ne taɓa abin da ba a ba su ba. Saboda haka gonar mai masauki da rijiyarsa da itacensa da dabbarsa amana ce a wuyan baƙo, kuma wanda ya zo zikiri ya bar wa mutanen gari ɓarna ya koma da nauyi a kansa. Wanda ya riga sauka ya matsa wa wanda ya iso da dare, mai guzuri ya duba maƙwabcinsa, matasa su ɗauke wa dattawa ɗibar ruwa da kafa rumfa, a kuma kiyaye wa mata wurinsu da mutuncinsu yadda za su ji karatu. Kafin kowa ya fito daga masaukinsa zuwa halƙar zikiri, ya ɗan tsaya ya gyara niyyarsa kamar yadda Shehu yake yi a ƙofar gidansa.

Allah ya ƙara wa Mujaddadi Shehu Usmanu yarda, shi da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Nana Asma'u da dukkan waɗanda suka yi hijira tare da su. Allah ya ba mahalarta wannan taro albarkacinsu da albarkacin Sidi Abdulƙadir Jilani, ya karɓi tafiyarsu da zamansu, ya mayar da kowa gidansa lafiya, don alfarmar Annabi Muhammadu (S.A.W.). Amin.